Sa Hannun Goggo Luseane

Robinvale, 14 ga Nuwamba, 1983

Maigidana Manase,

Godiya ga Allah da ya kai mu wannan rana. Ina gaishe ka, ina gaida Baba da jiki. Kumburin ƙafar ya ragu? Yana cin abinci? Mu nan lafiya lau. Haƙorin 'yarmu Seini na gaba ya fita, tana bin mutane a coci tana nuna musu giɓin. Zafi ya fara, inabi kuwa tun da muka zo garin nan ban ga shekarar da ya yi 'ya'ya kamar bana ba.

Ban ga amsar wasiƙata ta watan jiya ba, wadda na ba ka labarin yadda Goggo Luseane ta sa aka ɗauke sabon firijinmu aka kai gidan fasto. Na haƙura da firiji. Abin da ya sa na ɗauki biro yau ya fi shi nauyi.

Bayan tafiyarku gida Tonga da sati biyu akanta ya aiko takardar harajin kamfaninmu na kwangilar tsinkar inabi don a sa hannu. Ranar ina gona. Na dawo na tarar Goggo ta sa tabarau, ta baje takardar a tebur, ta riga ta gama. Na ce, "Goggo, ai wannan ta Baba ce da Manase." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Soakai ƙanena ne, Manase ɗan ƙanena. Wa ke sama da ni a gidan nan?" Ita ta liƙe ambulan, ita ta kai gidan waya da ƙafarta.

To, takarda ta dawo. Ofishin haraji sun ce kamfanin Vainikolo da Ɗansa haɗaka ce ta mutum biyu, kai da Baba, kuma sai ɗayanku ya sa hannu takardar ke zama takarda. A wurinsu kamar ba mu aika komai ba. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran. A gurbin da aka ce mai sa hannu ya faɗi matsayinsa a kamfani, Goggo ta rubuta FAHU da manyan baƙaƙe. Matar da ta rubuto mana tana tambaya cikin ladabi wane muƙami ne wannan.

Na kai wa akanta, Mista Kostoglou. Shi ma ya tambaye ni. Na ce masa babbar yayar uba ce, ita ke zama a saman tabarma ranar biki da ranar mutuwa, abin da ta miƙa wa hannu a gidan ƙaninta ya zama nata, kuma ba a ce mata a'a. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mu ma muna da irinta a gidanmu, sai dai doka ba ta san da ita ba." Na ce to ni in sa mana. Ya ce sunana ba ya cikin takardar haɗaka. Shekara shida ina tashin ma'aikata da asuba, ina tuƙa su gona, ina raba musu layin inabi, ashe sunana ba ya ciki. Ba ƙorafi nake ba, faɗa maka nake.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Tsoho Scarfone, mai gonar inabin da muke wa tsinka, wanda har yau Karolina yake ce mini, ya kira ni gonarsa. Bara maƙwabcinsa ya sha wuya saboda ɗan kwangilar da takardunsa ba su cika ba, shi kuma lauyansa ya ja masa kunne. Ya ce, "Karolina, ba wanda ya iya taɓa inabina kamar mutanenki. Amma ranar Juma'a 13 ga Janairu ki kawo mini kwafin takardar nan da hatimin ofishin haraji a kai. In ban gani ba, ranar Litinin zan ba wani tsinkar bana." Mutum ashirin da shida ke jiran tsinkar nan, Manase, kuma ka san in ta kuɓuce mana bana ba za ta dawo baɗi ba.

Ga sabon fom na saka a ciki. Ka sa hannu inda na yi alama da fensir, ka mayar da shi a jirgin ruwan da ya kawo shi tsibirin Niua. Na yi tunanin aika maka saƙo ta gidan rediyo, amma duk Tonga za ta ji cewa sa hannun Luseane Vainikolo bai karɓu ba. Ba da bakina ba. Ita ba ta san komai ba, wasiƙar na ƙasan akwatin ɗinkina.

Taka,
Kalolaine

*

Hihifo, Niua, ranar Talata

Kalo,

Mun gode Allah, muna raye. A kan gwiwata nake rubuta miki wannan a bakin ruwa, ana lodin kwakwa, kyaftin ya ce da an gama zai ɗaga. Ki yi haƙuri da rubutun. Kwanan wata ma ban sani ba, a nan Lahadi kawai ake ganewa.

Baba wata rana da sauƙi, wata rana babu. Tun da ya taka tsibirin nan ya daina maganar asibiti. Yana zama ƙarƙashin mangwaron kakanmu yana gyara wa masunta ƙullin taru, ko sun tambaye shi ko ba su tambaya ba. Jiya ya ci doya da romon kifi har ya nemi ƙari. Ƙafa dai tana nan yadda kika sani. Ba zan ɓoye miki ba, ba na jin zai sake ganin Australiya.

Wasiƙarki ta zo a jirgin nan. Na karanta abin da kika rubuto a kan Goggo, na yi dariya har Baba ya tambaye ni ko lafiya. Kalo, ki bar abin nan yadda yake. Abin da Goggo ta yi ta riga ta yi, ni ba zan bi bayanta ina gyarawa ba, ke ma kada ki fara. Asarar ba za ta kashe mu ba, Allah zai mayar mana. Kin cika ɗaukar abu da zafi.

Ki shafa mini kan Seini. Ki gaida Goggo da kyau, ki ce ƙaninta na tambayarta kullum.

Naki,
Manase

*

Robinvale, 7 ga Disamba, 1983

Manase,

Ina gaida Baba, na ji daɗi da ya ci doya. Seini ta yi mura ta warke. Gaisuwa ta ƙare.

Dariya ka yi? Wasiƙarka ta zo jiya. Sau uku na zazzage ambulan ina neman fom, har na ɗaga shi ga rana. Babu. Sai na karanta na ji wai asarar ba za ta kashe mu ba. Ka zo ka faɗa wa matar ma'aikacinmu Taniela da ke da cikin wata bakwai. Ka faɗa wa tsohuwa Fololeni da ta bar aikin gidan kaji saboda na yi mata alkawarin layi a gonar Scarfone. Kai kana ƙarƙashin mangwaro iska na kaɗa ka, ni ce zan kalli idonsu.

Wai ba za ka bi bayan Goggo kana gyarawa ba. Wa ya ce ka gyara ta? Sunanka na ce ka rubuta a kan layi ɗaya. Ni da nake kwana gida ɗaya da ita, nake zuba mata shayi, ban ji tsoronta kamar yadda kake ji ba kana bayan teku.

Bari in gaya maka inda ka kai ni. Shekaranjiya da rana na zauna da biro na gwada sa hannunka a bayan takardar burodi. Sau goma. Ya fito tsaf, har ya fi naka kyau. Na tambayi Mista Kostoglou a fakaice, na ce wata ƙawata ce ke son sani. Ya cire tabarau ya ce, "Ki gaya wa ƙawarki takardar da ba a sa wa hannu ba ana gyara ta, wadda aka yi wa sa hannun ƙarya kuwa kotu ke gyara mai ita." Na dawo na ƙone takardar burodin. Kunya na ji, kuma kai ka ja mini.

Ranar Asabar na ga motar wani ɗan kwangila daga garin Mildura, mai neman aikinmu, a ƙofar Scarfone. Sun daɗe a ciki.

Na cika ɗaukar abu da zafi, haka ne. Da ban ɗauka ba, da tuni babu Vainikolo babu Ɗansa. Tsoro nake ji, Manase, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na makon nan ba. Fom na hannunka. Jirgin Disamba shi ne na ƙarshe da zai yi mana amfani.

Kalolaine

*

Robinvale, 27 ga Disamba, 1983

Maigidana Manase,

Barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Yaya Baba? Mu lafiya. Wannan wasiƙa ba ta gidan waya za ta bi ba, za ka ji dalili.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na ji wata baƙuwa da ta zo daga tsibirin Vava'u tana cewa injin jirgin Niua ya mutu tun tsakiyar Nuwamba, yana ɗaure a can tashar Neiafu, buhunan wasiƙu na jibge a gidan waya. Na tsaya cak da faranti a hannuna. In jirgi bai tashi ba, wasiƙata da fom ba su kai gare ka ba. To wace wasiƙa ka amsa? Ta firiji! Ashe kan firiji kake cewa asara ba za ta kashe mu ba. Akwai wata wasiƙa tawa ta 7 ga wata a cikin buhunan nan, in ta zo hannunka ka jefa ta teku ba tare da ka buɗe ba. Na san ba za ka yi ba.

Kunyar ba ta daɗe ba tsoro ya danne ta, don saura kwana goma sha tara kuma fom ko rabin hanya bai yi ba. Yau da safe na ɗaura tabarmata a ƙugu kamar yadda muke yi a gaban manya, na ciro wasiƙar ofishin haraji daga akwatin ɗinki, na shiga ɗakin Goggo. Tana gugar farar rigarta. Na zauna a ƙasa na miƙa mata, na fassara mata layi bayan layi, na haɗa da maganar Scarfone. Ta manta da guga har na ji ƙaurin rigar, sai da na miƙa hannu na ɗage dutsen gugar.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun Nuwamba, Goggo."

"Sati shida kina kallona ina ci ina sha, ina jan waƙa a coci, alhali na ƙwace abinci daga bakin 'ya'yan mutane ban sani ba?"

"Ɓacin ranki na ji tsoro, Goggo."

"Ke dai an yi sakarya. Raina ya fi cikin mutum ashirin da shida ne? Tashi ki kawo mini waya da littafin lambobi."

Manase, ban taɓa ganin irin wannan ba. Awa uku tana kan kujera tana kira, ba wanda ta gaisar da shi fiye da kalma biyu. Duk wanda ya fito ta tsatson ƙannenta, daga Melbourne har Auckland har Nuku'alofa, ya ji muryarta yau. Wani ya ce yana da aiki ranar Alhamis, ta ce, "Na ji. Ƙarfe nawa za ka kasance a filin jirgi?" Gobe sabon fom zai tashi daga nan, hannu zuwa hannu, har ya kai ga Hingano ɗan baffanka a Neiafu, shi zai kawo muku a kwalekwalensa na su.

Sannan ta ce in rubuta saƙon rediyo. Ga abin da ta faɗa: "Daga Luseane Vainikolo a Australiya zuwa ga Hingano a Neiafu da Manase a Niua. Na sa hannu a takardar da ba tawa ba, na ɓata ta. Sabuwa na tafe. Hingano ya cika tanki ya jira. Manase ya nemi biro mai rubutu." Na roƙe ta ta cire maganar ɓatawar, na ce kowa zai ji. Ta ce, "In ban faɗi laifina ba, Hingano zai ɗauka tsohuwa ce ke son kifi, ya jira teku ta kwanta. Rubuta."

Na rubuta ina kuka. Ita ko a jikinta, ta koma ta ci gaba da gugar rigar da ta ƙone.

Taka,
Kalolaine

*

Robinvale, 27 ga Disamba

Soakai,

Allah ya ba ka lafiya. An ce kana cin doya, ka ci gaba. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwa.

Na yi kuskure, ka ji a rediyo, ba sai na maimaita ba. Turawan nan ba su san fahu ba. Hannunka suke so ko na ɗanka, don haka ɗayanku ya sa, a kan layi, ba a ƙasansa ba. Kada Hingano ya kwana fiye da ɗaya. Ku ba shi abinci, kada ku ba shi kava ya sha ya bugu.

Wata magana. Matar ɗanka ita ke riƙe da aikin nan, ni na gani da idona, amma an ce sunanta ba ya cikin takarda. Da yana ciki da ban sha wannan kunya ba. Ka san abin da ya kamata.

Ka gaya wa Manase ya riƙa sa kwanan wata a wasiƙa, ba a daji aka haife shi ba.

Yayarka,
Luseane

*

Hihifo, Niua, Laraba 4 ga Janairu, 1984

Kalo tawa,

Kin ga kwanan wata? Na koyi darasi. Mun gode Allah da ya nuna mana sabuwar shekara. Baba ya kwanta tun bayan Kirsimeti, ba ya iya zuwa gindin mangwaro, amma hankalinsa garau.

Ina shagon Siosifa da yamma aka karanta saƙon, rabin gari na wurin. Da aka zo kan "na ɓata ta" sai kowa ya juyo ya dube ni. Wata tsohuwa ta ce, "Luseane ce ta ce ta yi laifi? Duniya ta zo ƙarshe." Ni ban ma san wace takarda ake nufi ba. Kafin faɗuwar rana an kawo mini biro goma sha ɗaya, har da na shugaban makaranta.

Hingano ya iso jiya da la'asar, kwana ɗaya da wuni yana faɗa da ruwa. Ya sauko idonsa jajir, ya ce, "Ɗan'uwa, da gwamnati ce ta aiko ni da na ce injina ya lalace." Ya biya gidan waya ya kwaso sauran wasiƙunki, don haka huɗu na samu a tare, har da ta Goggo. Ban jefa ta 7 ga wata a teku ba. Na karanta ta sau biyu, kunnena har yanzu zafi yake. Firiji nake nufi, Kalo, wallahi firiji. Amma abin da kika faɗa a ciki ban ga na musantawa ba, sai dai wurin da kika ce sa hannunki ya fi nawa kyau. Ki yafe mini da na bar ki da wannan kaya ke kaɗai.

Na zaɓi biro zan sa hannu, sai Baba ya ce in karanta masa wasiƙar Goggo. Da na gama ya ce, "Ni yayata ta fara ambata. Ɗaga ni." Na ce hannu ɗaya ya isa, nawa ma ya wadatar. Ya ce, "Ban tambaye ka ba." Muka jingina shi da filo, na ɗora masa murfin akwati a cinya. Ya gwada a gefen wata takarda sau biyu, hannu na karkarwa. Sannan ya rubuta sunansa a kan layin, harafi bayan harafi, ya ɗauki kusan minti biyar, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Bai sauka daga layi ba ko kaɗan. A gurbin matsayi ni na rubuta masa "abokin haɗaka", shi ya so a rubuta "ƙanin Luseane". Ni ma na sa nawa a ƙasa.

Akwai wata 'yar takarda kuma da ya sa na rubuta, fasto ya shaida. Ya ce a kai wa akanta a shigar da sunanki a madadinsa. Ya ce in gaya miki ba don Goggo ta ce ba ne. Sai ya ƙara da cewa, "To, har da don ta ce."

Na naɗe komai a leda uku na saka a gwangwanin biskit. Hingano zai ɗaga da hantsi. In ya kai Neiafu Juma'a, gwangwani zai sauka Nuku'alofa Asabar, ya yi Lahadi a can don ba abin da ke tashi, Litinin ya wuce. Sauran na Allah ne da Goggo.

Naki,
Manase

*

Robinvale, Asabar 14 ga Janairu, 1984

Maigidana Manase,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Muna lafiya. Ba zan ja maka rai ba: kwangila tamu ce! Litinin za mu shiga gona.

Gwangwani ya sauka Melbourne ranar Laraba da yamma, a jakar wata ma'aikaciyar asibiti daga Auckland da ban taɓa gani ba, tsakanin ƙunshin doya da dafaffen ganyen gwaza. Mutum bakwai ya ratsa hannunsu, kowa ya rubuta sunansa a murfi don Goggo ta gani. Na so in je ni kaɗai, ta ce, "Ni na ɓata, ni zan kai." Awa shida muna mota tana zaune a gaba, tabarmar ƙugunta ta ranar biki a cinya don kada ta yamutse.

Alhamis da safe mu ne na farko a ƙofar ofishin haraji. Na nemi matar da ta rubuto mana. Ta fito, wata doguwa mai furfura. Na buɗe gwangwani, ƙamshin gwaza ya cika wurin. Ta duba sunayen da ke cikin takardar haɗaka, ta duba sa hannu biyun, ta bi gurbin matsayi da yatsa. Ta ɗauki hatimi ta buga a fom, ta buga a kwafi. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Sai Goggo ta dungure ni ta ce, "Gaya mata ta yi tambaya a wasiƙarta, ga amsa ta zo da ƙafarta." Na ce wa matar, "Kin tambayi mece ce fahu. Ga ta." Na ba ta labarin hanyar da gwangwani ya bi, na nuna mata sunayen a murfi. Ta miƙe tsaye ta ba Goggo hannu, ta ce wasiƙarsu ma ba ta yin wannan sauri. Goggo ta ce, "Gaya mata aikinta na kyau. Da ni ce ma da ban karɓa ba."

Jiya ƙarfe goma muna ƙofar Scarfone. Motar mutumin Mildura na wurin, yana zaune a baranda da kofi kamar gidan ubansa. Na wuce shi na ajiye kwafi a tebur. Tsoho ya sa tabarau, ya shafa hatimin da ɗan yatsa, ya shinshina takardar ya ce, "Wannan wane irin ƙamshi ne?" Na ce na gidanmu ne. Ya miƙo hannu ya ce, "Litinin ƙarfe biyar, Karolina." Wancan ko kofinsa bai shanye ba. Da muka fito kan titi sai ga mutanenmu a motoci huɗu suna jira, matar Taniela da cikinta a gaba. Na ɗaga takarda ta taga. Waƙar da suka ɗauka, na tabbata har Mildura an ji.

Takardar Baba na wurin akanta, ya ce sati biyu zai gama. Ka gode wa Baba a madadina. Firiji kuwa yana gidan fasto, ban tayar da maganar ba.

Saura abu ɗaya. Kafin mu bar ofishin Goggo ta sa aka ƙara mana kwafi ɗaya. A hanya ta buɗe shi a cinya, ta daɗe tana kallon sa hannun Baba, yadda haruffan suka yi ta rawa amma ba su bar layi ba. Can ta ce, "Ni na riƙe hannunsa ranar da ya fara rubuta sunan nan a allo. Shekararsa shida." Ta ninke ta saka a Littafi Mai Tsarki, ta juya fuska ga taga.

Yau da safe ta sake neman waya da littafin lambobi. Ranar Talata za ta tashi, ta hanyar da gwangwani ya bi, kuma an riga an gaya wa Hingano ya cika tanki. Na ce gwiwarki fa, Goggo, da wannan teku? Ta ce gwiwa tata ce. Ita za ta riƙo maka wannan wasiƙar, amma ta ce saƙonta ba zai jira ta ba, yau za a karanta shi a rediyo. Ga shi yadda ta faɗa, ko da ba ka shagon Siosifa: "Daga Luseane zuwa ga Soakai a Niua. Takarda ta karɓu, hannunka ya yi kyau. Ina tafe. Kada ka kuskura ka je ko'ina kafin in iso, ban ba ka izini ba."

Taka,
Kalolaine